Ɗaukar hoto a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: rana, ƙura da yardar mai fuska

Tun da wayar salula mai kamara ta shiga aljihun babba da yaro, da wuya a watse daga wurin suna, ɗaurin aure ko tarbar alhaji a Maraɗi ba a ɗauki hotuna bila adadin ba. Sai dai da yawa daga cikinsu fuska ce da ta dushe bisa farar riga, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko ta shiga hannun ɓarawo, ranar suke mutuwa. Ƴan kasuwa masu yawan tafiya da ma'aikatan gwamnati masu fita rangadi su ne suka fi samun halin sayen kayan aiki da kewaya ƙasa. Saboda su aka tattaro wannan bayani a game da abin da ya kamata a saya, da yadda za a kare shi, da lokacin da ya dace a ɗaga kamara.

Wa ke riƙe da kamannin Maraɗi?

A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon birnin da ke cikin fadama, inda Katsinawan Ɗan Kasawa suka zauna tun farkon ƙarni na 19. Hukumar Nasara ta sa aka tayar da gari aka maido shi bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu. Tsohon wurin kuwa ya koma gonaki da garake. Matashin da ke son sanin yadda ƙofar gidan kakansa take a wancan zamani, sai dai ya nemi tsoho ya ba shi labari, tsofaffin da suka ga abin da idonsu kuma saura kaɗan. A lokacin kamara tana hannun Bature. Abin da ya ga dama shi ya ɗauka, ya tafi da shi ƙasarsu.

Bayan shekara 60, cikin daminar 2005, duniya ta ji sunan Maraɗi ta hanyar da ba ta yi wa kowa daɗi ba. Gidajen talabijin na Turai sun zo cibiyoyin kula da yara masu tamowa, irin wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ke riƙe da ita a cikin gari, suka yaɗa hotunan yara ramammu a hannun uwayensu. Hotunan gaskiya ne, kuma sun taimaka agaji ya iso. Amma shekaru bayan haka, baƙon da ya ji an ce Maraɗi abin da ke faɗo masa a rai ke nan. Bai san babbar kasuwa ba, bai san alhazan da ke saro haja daga Kwatano da Dubai ba, bai taɓa jin labarin jar akuya ba.

A daidai wannan tsakani kuma hoto ya yi wa jahar wata shaida ta alheri. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasa Larwanu Mahamane da Ba'amurke Gray Tappan, sun jera hotunan da aka ɗauko daga jirgin sama a 1975 kusa da na tauraron ɗan Adam na shekarun 2000, sai ga gonakin da dā suke fili fetal sun cika da gawo da kalgo, albarkacin sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. An ƙiyasta aikin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin ƙasa, galibi cikin jahohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ya ba hotunan nan ƙarfi shi ne kowane ɗaya yana ɗauke da sunan wuri da shekara. Gani ya kori ji, amma sai in an san abin da aka gani, a ina, kuma yaushe.

Daga fim zuwa salula

Waɗanda suka haura shekara 40 suna tune da zamanin da hoto yake sai an yi wanka an sa kaya an tafi ɗakin mai hoto, a tsaya gaban labule mai zane, hannu bisa tukunyar furen roba. Sana'a ce da ta fitar da gwanaye a Afirka ta Yamma. Philippe Koudjina ya ɗauki daren Yamai na shekarun 1960 da 1970. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe ɗakinsa a 1948, Malick Sidibé kuma ya samu babbar lambar yabo ta birnin Banis na Italiya a 2007. Duk da kayan aikin da yau ba wanda zai kalle su suka yi wannan suna.

Fim ɗaya yana cin hoto 24 ko 36, kuma sai an kai shi wanki an jira kafin a san abin da ya fito. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, fim da takarda da ruwan wanki, da yake duka daga waje suke zuwa, suka yi tsada ƙwarai. Daga baya kamarar dijital ta ture fim, har kamfanin Kodak kansa ya shigar da takardar karyewa a 2012. Abin da ya kamata a riƙe daga wancan zamani shi ne halin mai fim: da yake kowace dannawa kuɗi ce, sai ya duba haske, ya duba abin da ke bayan mutum, ya gyara tsayuwarsa, sannan ya danna.

Me za a saya?

Ga mafi yawan mutane wayar da ke aljihu ta isa. Hoton da za a wanke bisa takarda mai santimita 10 da 15 ba ya bukatar fiye da megafiksel 2 ko 3, kuma megafiksel 12 ya wadaci takarda mai girman A4. Saboda haka lambar 50 ko 108 da ake rubutawa bisa kwali kada ta ruɗi mai saye. Inda waya ke gazawa shi ne cikin duhu, da abin da ke nesa, da abin da ke gudu, domin farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne ƙwarai. Jawo nesa da yatsa bisa allon waya kuwa, in ba tana da idon nesa na musamman ba, yankan hoton kawai take yi tana kumbura shi. Gara mutum ya taka da ƙafarsa ya matsa kusa.

Wanda ke son ya wuce nan, lokaci ya yi masa daidai. Tun 2018 da kamfanonin Canon da Nikon suka maida hankali bisa kamarori marasa madubi, masu hoto na ƙasashen waje suna ta sakin tsofaffin masu madubi, suna isowa kasuwannin Kano, Kwatano da Dubai da rahusa. Kafin a biya kuɗi akwai abin dubawa. Kamara tana ƙirga yawan ƙiftawar da ta yi, kuma ƙananan samfura akasari an gina su ne don su kai wajen 100 000; a nemi mai sayarwa ya nuna lambar. A cire idon kamara a ɗaga shi wajen haske: wanda ya daɗe a bakin teku, Legas ko Kwatano, sau da yawa hunhuna ta yi saƙa a cikinsa kamar yanar gizo, kuma ba ta fita da goge. A ɗauki hoton farin bango da ƙofar haske a tsuke, f/16 ko f/22, a buɗe shi da girma. Duk ɗigon da ya bayyana ƙura ce bisa faranti. A tabbata kuma batiri da cajarsa na asali ne.

Ido biyu sun isa farawa. Na farko mai milimita 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da kamara, don kasuwa da gine-gine. Na biyu mai milimita 50, f/1.8, wanda ba shi da tsada, yana ganin cikin ɗaki ba tare da walƙiya ba, yana kuma narkar da abin da ke bayan mutum fuska ta fito ita kaɗai. Mai sha'awar dawaki da kokowa zai ƙara da mai milimita 70 zuwa 300. Sauran kuɗin a sa su cikin batiri na biyu da katin ajiya biyu matsakaita maimakon babba guda, daga hannun wanda aka amince da shi, domin jabun kati ya yi yawa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar biki. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina. Duk wanda ya ga watannin da aka yanke ta daga Agustan 2023 ya san darajar ƙaramin faifan sola da batirin ajiye caji.

Ƙura da zafi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi kamar garin alkama, wadda ke shiga duk inda iska ke shiga. Ka'idar da ba a karyawa ita ce kada a canza idon kamara a fili. In dole ce, a shiga mota ko ɗaki, a kashe kamara, a juya bakinta ƙasa, a yi sauri. A ɗaura gilashin kariya a gaban ido ya zauna can. In ya karce, shi kaɗai za a sake. Goge ido da gefen riga ko da rawani shi ne babban kuskuren da aka fi yi, domin ƙurar nan yashi ce, kuma gogewa da ita kamar gurza gilashi ne. A fara hure ta da ƴar robar hura iska, sannan a bi da ƙyalle mai laushi da aka keɓe don haka. Bisa kabu-kabu kamara tana cikin leda mai zif, ledar kuma tana cikin jaka.

Zafi shi ne na biyu. Takardun yawancin kamarori suna cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu Maraɗi tana wuce 40 a inuwa. Cikin mota rufaffa kuwa abin ya fi haka nesa, kuma batiri ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Kada a bar kamara ko waya gaban mota ko cikin but. Farin ƙyalle da aka yafa mata tsakanin hoto da hoto yana rage mata wahala. Da damina kuma, wanda ya fito da ita daga biro mai na'urar sanyi zuwa waje zai ga ido ya yi raɓa. Ya bar ta cikin jaka kamar minti 15 ta saba da iskar waje. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalma, a tara su a zuba cikin jakar kamara.

Farar riga, baƙar fuska

Ɗaukar hoto kamar cika tulu ne a bakin famfo. Akwai girman buɗin famfon, wato ƙofar haske da ake rubutawa da harafin f; akwai tsawon lokacin da aka bar shi a buɗe, wato saurin ƙiftawa; akwai kuma girman tulun, wato ISO. In ruwa ya yi yawa ya zube, hoto ya ƙone fari. In ya yi kaɗan, ya fito duhu. Tsohuwar ka'idar masu fim tana nan da amfaninta: cikin rana tsantsa, ISO 100, ƙofa f/16, ƙiftawa kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa.

Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kai. Ko a sauran watanni, daga hantsi zuwa la'asar haskenta daga sama yake saukowa, hula da rawani su jefa inuwa bisa idanu, fuska ta zama rami biyu. Lokacin hoto shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9 da rabi, sai kuma bayan sallar la'asar zuwa faɗuwarta. Hazon hunturu, da yake tace rana, yana yi wa hoton fuska kyau, amma yana shafe abin da ke nesa. Hoton fadama da sararin sama sai washegarin ruwa, lokacin da iska ta wanku.

Akwai matsalar da ta shafi mutanen ƙasar nan musamman. Ma'aunin haske na kamara yana ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa, in aka gauraya shi, toka-toka ne. In ya ga babbar riga ta farar shadda ta cika hoto, sai ya zaci haske ya yi yawa ya rage, fuskar mai rigar ta ƙara duhu har a kasa gane shi. Matsalar tana da tarihi: shekara da shekaru katin da Kodak ke raba wa ɗakunan wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion na Sin, mai wayoyin Tecno, Itel da Infinix, da daidaita kamararsa ga baƙar fata ya ja masu saye a Afirka.

Maganin yana da sauƙi. Bisa waya, a taɓa fuskar mutum a allo, a ja alamar rana sama kaɗan. Bisa kamara, a ƙara haske da mataki ɗaya, +1, a duba. Abin da ya fi duka shi ne a shigar da mutum inuwar bedi ko bakin zaure yana fuskantar fili, wani ya riƙe farin zane ko farin kwali daga gefe ya maido masa haske bisa fuska. In ba makawa sai cikin rana, a kunna walƙiya ko da tsakar rana ce, ta cike inuwar hula.

Cikin birni

Ranakun Litinin da Juma'a, da babbar kasuwa ke ci, su ne ranakun mai hoto, amma ya sammako tun ana sauke kaya, kafin cunkoso da rana. Cikin rumfuna haske kaɗan ne, a waje kuma ya yi yawa. Kada a haɗa biyun cikin hoto ɗaya, a zaɓi guda. Layin ƴan tiya, dukawa da jar fatarsu, maƙera da masu ɗinkin hula duk sun fi fitowa in aka durƙusa daidai da mai aikin maimakon a ɗauko shi daga tsaye.

Ranar hawan salla, mai hoto ya riga jama'a zuwa ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ya zaɓi gefen da rana za ta kasance bayansa, ya jingina da bango ko itace don kada doki ya same shi. Doki mai sukuwa yana son ƙiftawa kashi 1 cikin 1000. In haske bai isa ba a ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Jan kayan dogarai yana saurin ƙonewa cikin rana, don haka a nan ragewa ake yi kaɗan. A filin kokowa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya ɗauki takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, kashi 1 cikin 500 ya isa, kuma hoton da ya fi daraja sau da yawa yana wajen da'ira: makaɗa, masu kirari, da fuskar ɗan kokowa yana ɗaura layu.

Tibiri

Kamar kilomita 12 daga birni, bisa hanyar Gidan Rumji, Tibiri ce mazaunin sarautar Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, lokacin da Sarki Mayaƙi ya kafa garin. Baƙo mai kamara ba ya fara da dannawa. Ya fara da zuwa fada ya yi gaisuwa, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. In an haɗa shi da ɗan rakiya, ƙofofin da ba za su buɗe masa shi kaɗai ba za su buɗe. Gidan Inna, shugabar mata da ƴan bori ta Gobir, da bukukuwa irin su buɗin daji, suna da abin da ake nuna wa kowa da abin da ba a ɗauka, kuma masu abin ne ke faɗin iyaka.

Abin da ya fi cancantar kulawa a Tibiri shi ne fuskokin dattawa masu tsagar Gobirci, wadda ke ƙara ƙaranci wurin yara masu tasowa. Walƙiya daga gaba tana shafe tsaga. Hasken da ke zuwa daga gefe, kamar na bakin zaure da safe, shi ke fito da ita layi-layi. Ido mai milimita 50, taku biyu daga mutum, a daidaita bisa idonsa na kusa, sannan a rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsa tun ba a tashi daga wurin ba.

Jiratawa

Kudu da birni, kamar kilomita 10 ta wajen hanyar Madarumfa da Ɗan Isa, akwai gandun noman rani na Jiratawa, mai faɗin wajen hekta 500, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, ana ba shi ruwa daga rijiyoyin burtsatse. A tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe, nan kore ne shar: zogale, albasa, tattasai, masara. Da sassafe, ruwa yana gudu cikin magudanai, mata suna tsinkar zogale, rana tana ratsa ganye daga baya, hoto ne da ba ya bukatar kamara mai tsada. Mai gilashin kashe ƙyalli ya ɗaura shi, zai ga koren ganye ya ƙara nauyi, ruwa ya daina walwali. A bi bisa kunya, kada a taka fangali; gonar mutum ce, ba filin kallo ba.

Garin ya yi suna kuma wajen ginin tukwane. Hoton tulu da aka gama kowa yana iya ɗaukarsa a kasuwa. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne jerin aikin tun daga kwaɓin yumɓu, bugu, shanya, har ranar gashi. Wannan yana son zuwa sau biyu ko uku, da sayen tulu ko ɗaya, da komawa da hoton da aka wanke. Wanda zai zarce gaba wajen iyaka kuwa ya tambayi hukuma halin hanya tukuna, domin ƴan bindiga sun addabi wasu ƙauyukan yankin a shekarun nan, ya kuma dawo da sauran rana.

Yardar mai fuska

Fuskar mutum tasa ce. A Maraɗi akwai malamai da magidanta da yawa da ba su yarda da hoto ba bisa dalilin addini, akwai matan aure da ba a ɗauka sai da izininsu da na gidansu. Sallama, gaisuwa, sannan tambaya. In an ce a'a, a yi godiya a wuce. Yaro sai da yardar uwayensa, almajiri sai da ta malaminsa. Mabaraci, majinyaci, wanda hatsari ya rutsa da shi da gawa, ba abin yaɗawa ba ne. Dokar 2019 a game da laifuffukan intanet ta hana yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam ko ke iya tada hankalin jama'a, kuma a watan Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri bisa wannan laifi. Barikin soja, jandarmomi, shingen bincike, filin jirgi da ofishin duwan ba a ɗaukar su, ƙaramin jirgi maras matuƙi kuma ba a tashinsa sai da takardar hukuma.

Ɗan kasuwa da ke tallar haja ta WhatsApp shi ma yana da amanar da zai riƙe. Atamfa, shadda, aya ko wake, a ɗauke su cikin inuwa mai haske bisa shimfiɗa marar launi, a ajiye tiya ko kwabo a gefe don a gane girma, kada a ƙara musu launi. Shuɗin da ya zama kore a hannun mai saye a Agadas ko Yamai, rigima ce da asarar abokin ciniki.

Ajiya

Hoton da ke wuri ɗaya tak, a lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace. A ajiye kowane mai muhimmanci wuri uku: cikin waya ko kwamfuta, cikin wani faifan ajiya da ke wani gida, da bisa takarda. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, sai in an aika shi a matsayin takarda. Daga hotunan kowane biki a zaɓi 10 a kai wanki. A bayan kowane a rubuta da fensir sunayen mutane daga dama zuwa hagu, da wuri, da rana. Tawadar biro tana ratsa takarda. A sa su cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bango mai laima. Tsofaffin hotunan gida da suka fara dushewa, a shimfiɗa su a inuwa a sake ɗaukar su da waya, a kai wa tsohuwar gida ta faɗi sunaye tun tana iya faɗa. Wanda ya gaji akwatin fim daga tsohon mai hoto kada ya zubar da shi. Rabin gari yana ciki.

Birnin yana canzawa da sauri. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da aka kafa a 2010, ta jawo sababbin gidaje inda dā gonaki ne, unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo suna ta miƙewa. A watan Janairu na 2021 aka sa hannu bisa kwangilar hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ranar da ta iso, kudancin gari ba zai zauna yadda yake ba. Akwai aikin da kowane mai waya zai iya ɗaukar wa kansa: ya zaɓi wuri guda, ƙofar gidansu, ko layin rumfarsa, ko gangaren da ke kallon fadama, ya tsaya a daidai wannan wuri sau ɗaya kowace shekara, washegarin ƙaramar salla misali, ya ɗauki hoto, ya wanke, ya rubuta shekara a baya. Cikin shekara 20 zai riƙe abin da jikokin mutanen 1945 suke nema ba su samu ba.